Baƙin Gilashin Malam Jira

Ranar da ya fara shiga situdiyon, ko kai ba ta ɗaga ba da ta amsa sallamarsa. Ya ajiye filas ɗin kwamfuta a kan kantar shagon, ya ce a wanke masa hotuna shida, manya. Ta soka a kwamfuta, ta buɗe na farko, ta matso da fuskarta kusa da allo. Sai a lokacin ta dube shi.

"Malam, kai ka ɗauki wannan?"

"Ni ne," ya ce, har da ɗan gyara tsayuwa.

"Kana ido biyu, ko kana gyangyaɗi?"

Hoton wata gada ne da tsakar rana. Ruwan ƙarƙashinta ya kwanta lumui kamar madara, kan gadar kuma babu ko mutum ɗaya. Sana'arsa ke nan. Yakan ɗaura wani gilashi mai tsananin duhu a gaban idon kyamara, ya bar ta a buɗe minti huɗu ko biyar, duk abin da ke motsi ya ɓace, sai abin da ya tsaya cak ya rage. Shi dai a ganinsa ya yi abin a yaba.

Ta juyo masa da allon, ta ɗora farce a sararin samaniyar hoton.

"Karanta min nan."

Ya sunkuya. Wata ƙawanyar haske ce siririya, a jikinta ga wasu haruffa a juye.

"Farin rubutun da ke bakin idon kyamararka ne," ta ce. "Ya bugi bayan baƙin gilashin naka ya dawo ciki. Kai kana ɗaukar gada, kyamara tana ɗaukar kanta." Ta jawo durowa ta cillo masa baƙin salatif. "Je ka rufe rubutun. Ba don kai na ba ka ba, gadar na tausaya wa."

Ma'aikata uku da ke wurin suka fashe da dariya. Da wani ne mai zuciya a kusa, da ya kwashi kayansa bai ƙara waiwayar ƙofar ba. Shi kuwa bawan Allah fita ya yi da salatif a aljihu yana murmushi, sai ka ce mota aka ba shi.

Tun daga ranar ma'aikatan suka laƙaba masa Malam Jira, saboda tsayuwar da yake yi a gefen kyamara yana ƙirga mintuna. Ita kuwa kowa Auta yake ce mata, don ita ce 'yar ƙarshen Maigida, mai situdiyon, wanda ya shekara arba'in yana ɗaukar hoto, kuma a duk shekarun nan ba a taɓa jin ya ce aikin wani ya yi kyau ba.

Akwai abin da ma'aikatan ba su sani ba. Shekara uku ke nan yanar ido ta rufe idanun Maigida duka biyu, ya kuma rantse babu likitan da zai taɓa shi da wuƙa. Daga matarsa Umma sai Auta suka san da maganar. Duk hoton da za a kai masa, Auta ce ke fara dubawa. In ta ga aibi sai ta danna farcenta a bayan takardar, daidai wurin. Maigida ya karɓa, ya shafa bayan da yatsa kamar mai gyara riƙo, ya ji shaidar, ya juyo ya nuna wurin ya hau faɗa. Kowa yana cewa idon tsohon nan sai dai a bar shi.

Malam Jira ya dawo bayan mako guda. Ƙawanyar ta tafi, amma wani jan zane ya ratsa tsakiyar hoton.

"Ka toshe ƙofa ka bar taga," Auta ta ce. "Ramin da kake leƙawa ta baya fa? Minti biyar rana tana zuba ta nan kana tsaye kana kallon tsuntsaye. Ka rufe shi."

"To, Malama."

"Kar ka ce min Malama. Ban ɗauki ɗalibin da ba ya ganewa ba."

Amma lambar wayarta ce ta rubuta masa a bayan ambulan, wai ko wata tambaya za ta taso. Tambaya kuwa ta taso tun kafin ya kai bakin titi.

"Idona, na rufe rubutu, zan rufe taga. Zuciyata ce na rasa abin da zan rufe ta da shi, duk inda na juya ke ce a ciki."

Ta karanta sau uku, ta kife wayar, ta sake ɗauka.

"Ka gwada salatif ɗin, ai da saura. Kuma wa ya ce ka kira ni Idona?"

"In ba kya so na daina."

Sai da ta ja shi har la'asar kafin ta amsa.

"Ban ce ka daina ba, sarkin jira."

Wata biyar suna haka. Auta mai bakin nan da ke sa manyan maza su sunkuyar da kai, ita ce yanzu ke leƙen ƙofa duk ranar Talata. Son shi take, so mai zafi, kuma haushin kanta take ji da hakan.

Da ya ga magana ta kama, sai ya nemi ganin Maigida. Tsohon ya ce ya zo da aikinsa. Ya kawo hotuna goma, aka bi da su ta hannun Auta kamar kullum. Ta daɗe tana kallonsu. Huɗu suna da ɗan ƙyalli a gefe. Ta so ta kau da kai, amma hannun da ya saba ba ya jin lallashi, sai da ta danna farcen a duka huɗun.

Maigida ya tara ma'aikata kafin ya fara. Ya shafa, ya nuna, ya jefar a ƙasa. Ya shafa, ya nuna, ya jefar.

"Kai yaro, me mahaifinka yake yi?"

"Direba ne, Baba. Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. Da ka bi sawunsa da ya fi maka, shi aƙalla ya san inda ake kallo. Mutum ya ɗauki gari guda babu mutane a ciki, kamar annoba ta wuce, ya zo yana neman 'yata? Tattara shararka."

Malam Jira ya durƙusa yana tsince hotunansa ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa. Auta tana bayan kantar, ta dunƙule hannun nan a cikin mayafi har farcen ya shige mata tafi. Ita kaɗai ta san wanda ya nuna wa Baba inda zai sara.

Wanda ya fi kowa dariya a ranar shi ne Manaja. Shekararsa takwas a situdiyon, yana son Auta, yana kuma son situdiyon, kuma ko shi da kansa ba zai iya rantsuwa a kan wanda ya fi so ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan kwana biyu ya kira ta gaban kwamfuta, ya buɗe wani sabon hoton Malam Jira da aka kawo wanki, ya ƙara masa haske.

"Ranki ya daɗe, ke ce mai ido. Mene ne wannan a kusurwa?"

Inuwar mace ce, dishi-dishi, cikin farar riga mai rawayen furanni. Auta ta san yadda hakan ke faruwa. In aka bar rata tsakanin gilashin da idon kyamara, abin da ke bayan mai ɗauka yakan faɗo ciki. Wato wata ta tsaya dab da kafaɗarsa minti biyar cur, ba ta motsa ba.

"Ni dai ban ce komai ba," in ji Manaja, yana shafa gemu.

Ba ta tambaya ba, ba ta kira ba. Saƙo ta tura.

"Gaskiyar Baba ce. Hotunanka babu mutane, kai ma babu mutum a cikinka. Ka gaida mai farar riga. Ka ce mata ta riƙa tsayawa nesa, don wanda ta samu bai iya ko ɓoye ƙazantarsa ba."

Amsarsa ta zo bayan awa ɗaya.

"Na ɗauka idonki ya fi na kowa. Ashe aibi kaɗai yake gani. Allah ya haɗa ki da wanda ba shi da shi."

Daga nan ɗif. Wanzami ba ya son jarfa. Auta da ta saba yanka mutane da baki, kwana tara ta yi tana karanta layi biyun nan tana kuka a banɗakin situdiyo, ta wanke fuska ta fito ta huce a kan ma'aikata.

Rana ta goma wata mata mai jiki ta turo ƙofa, cikin farar riga mai rawayen furanni, da goyo a bayanta.

"Ina mai idon? Ke ce? To ga fatalwar ta kawo kanta." Ta dafa kantar da hannu biyu. "Ni ce yayarsa, uwa ɗaya uba ɗaya. Rakiya na yi masa ranar, ya ce kar in motsa, na tsaya kamar turke har ƙafata ta sage. Ladan da na samu ke nan, an mai da ni budurwar ƙanina da 'ya'yana huɗu. Yarinya, yaron nan ya rame har wuyan rigarsa yana yawo. In kashe shi za ki yi, ki faɗa min in fara karɓar gaisuwa."

Kunya ta rufe Auta, ta rasa inda za ta sa fuskarta. Da matar ta tafi ta ɗauki waya, ta rubuta ta goge ya fi sau goma.

"Na yi kuskure. Ban iya ba da haƙuri ba, ba a koya min ba, amma ga shi ina bayarwa. Ka dawo, Jirana. Kuma ka riƙa sa gilashin a ramin da ya fi kusa da idon kyamara."

"Ko a ban haƙuri sai kin yi gyara. Ina tafe, Idona."

Umma ce ta sa baki wurin Maigida, ta bi shi da magana safe da yamma har ya gaji. Ya ce to, ya ji. Yaron ya ɗauko masa babbar tashar mota da tsakar rana, rana tana bayansa, da gilashin nan mafi duhu, hoto ɗaya tak wanda babu ƙyalli ko na ƙwayar gero. In ya kawo, an ba shi Auta. Kuma Auta ba za ta taka tashar ba.

Kwana goma sha biyu Malam Jira ya yi yana zarya. Ya liƙe rubutun bakin idon kyamara, ya toshe ramin leƙawa, ya tura gilashin har ya manne babu rata, ya naɗe gefunan da baƙin ƙyalle. Farar rigarsa ma ya daina sawa, ya koma baƙa a cikin zafin nan, ya tsaya yadda inuwarsa za ta faɗa kan kyamara, minti shida ba ya ko share gumi. Masu lodi suna yi masa tsiya, wai ko aljanu yake jira su fito. Sau goma sha tara ya ɗauka kafin ya samu wanda ya kwanta masa a rai.

Da safiyar ranar da za a kawo hoton, Maigida ya kira Auta ofis ya ce ta rufe ƙofa.

"Duk abin da ya kawo, ki samo min aibi."

"In babu fa, Baba?"

"Babu hoton da ba shi da aibi. Ki sa farcenki ko ina ne." Sai muryarsa ta sauka. "In kin tafi wa zai gani min? Kina so a ce Maigida ya makance, yaran da na koya wa riƙon kyamara su riƙa ja min hannu? Na ci da ke, na sha da ke, abu ɗaya na roƙa."

Ta fito. Da aka wanke hoton ta shige ɗakin baya da shi, ta kunna fitila, ta bi shi kusurwa-kusurwa kusan awa guda. Wallahi nema take da gaske, tana addu'ar ta samu, don ta huta da zaɓi. Tashar tana nan fes, rumfuna da inuwarsu, motoci a jere, sama wankakke. Babu komai. Ta ɗora farcen a bayan takardar, ta daɗe a haka, sannan ta janye shi.

An taru a babban ɗaki, ma'aikata da Manaja da wasu masu hoto biyu da suka zo wanki suka tsaya kallo. Malam Jira yana gefe, fuskarsa duk ta ƙone da rana. Auta ta miƙa wa mahaifinta hoton.

Ya shafa bayan. Ya sake shafawa, a hankali, daga sama har ƙasa. Sai ya ɗaga shi saitin fitilar rufi. Idon da yanar nan ta kama, duk hasken da ya kalla sai ya ga ƙawanya a kewaye da shi, kuma ita ya gani.

"Ga ta nan!" ya ce da ƙarfi, har da murna. "Ƙawanya ƙatuwa kamar bakin tukunya! Ku duba!"

"Ƙwarai kuwa, Maigida," Manaja ya yi caraf. "Ga ta nan ɓaro-ɓaro."

Sauran suka gyaɗa kai. Wa ya isa ya ce bai ga abin da Maigida ya gani ba? Malam Jira ya ƙura wa hotonsa ido har hawaye ya taru masa, yana neman abin da babu. Daga ƙarshe ya yarda cewa shi ne bai iya gani ba. Ya rataya jakarsa.

"Na gode, Baba. Alkawari ne, na faɗi. Ba za ku ƙara ganina ba."

Ya kai bakin ƙofa lokacin da Auta ta ce ya dakata. Ta shiga ofis ta fito da wani hoton mai girma ɗaya da wancan.

"Baba, ga na biyun. A duba shi ma, kar a ce ba a yi masa adalci ba."

Maigida ya fizga ya ɗaga sama.

"Wannan ai ya fi wancan lalacewa! Ga ƙawanyar, ga shi a karkace. Wanda ya ɗauki wannan ko jakar kyamara bai kamata a ba shi ya riƙe ba."

Duk wanda ke wurin ya san hoton, don kwafinsa ne ke rataye a saman kujerar Maigida.

"Baba," Auta ta ce, da muryar da kowa ya ji, "naka ne. Tashar ce, wadda ka ɗauka shekara ashirin da suka wuce, aka ba ka lambar yabo. Babu ƙawanya a nasa, babu a naka. A idonka take."

Tsohon bai yi ihu ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Ya sauke hoton a hankali, ya lalubi gefen tebur ya dafa, a karo na farko a gaban mutane. Ya juya fuskarsa wajen ƙofa.

"Kai yaro, ɗauke ta, na ba ka. Amma ka kalle ta da kyau. Wadda ta tsiraita ubanta a gaban yaransa, ka jira taka ranar."

A waje, a gefen titi, Malam Jira ya kasa kallonta.

"Da kin bar ni na tafi, Idona. Wallahi da kin bar ni."

"Na sani," ta ce. "Na gwada. Na ga bayanka a ƙofar nan, na kasa."

Sai ta fashe da kuka irin wanda bai taɓa ganin ta yi ba, shi kuma ya tsaya tsakaninta da masu wucewa har ta gama.

Kafin mako ya zagayo Manaja ya ajiye aiki, ya buɗe nasa wurin a layi na gaba, ya kwashe rabin masu kawo wanki, yana ba kowa labarin makahon da ya shekara uku yana zagin masu ido. Maigida ya daina fita. Wata huɗu Auta tana durƙusawa a ƙofar ɗakinsa kowace safiya tana gaishe shi, wata huɗu bai amsa ba. Duk shirin auren ta bakin Umma ya bi.

Ranar auren falon gidan ya cika da 'yan uwa. Yayar ango tana ta ba da labarin yadda ta taɓa zama fatalwa, ana dariya. Wayar amarya ta yi ƙara a cinyarta.

"Na iso ƙofar gida, matata. Duk abin da Baba ya faɗa ranar nan, ni ban ji tsoro ba."

Ta share ido. An shigo da ango ya zauna kusa da ita, ana shirin tafiya, sai ƙofar ɗakin ciki ta buɗe. Maigida ne, cikin fararen kaya, ya ƙi sanda, ya ƙi hannun Umma. Ya tako yana ƙirga taku, ya tsaya, ya miƙa hannunsa na dama don ya sa albarka.

Amma ba gaban 'yarsa ya tsaya ba. Gaban wata kujera ce da aka tara jakunkunan baƙi a kai.

Babu wanda ya yi ƙarfin halin gyara masa. Auta ta zame daga wurinta, ta ja gwiwa a kan kafet ba tare da ƙara ba, ta kawo kanta ƙarƙashin tafin hannun. Mijinta ya bi ta ya durƙusa a gefenta.

Yatsun tsohon suka taɓa mayafin. Ya ji numfashinta na wadda ta rarrafo, ya gane abin da ta yi. Hannun ya yi kamar zai janye, sannan ya zauna.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Allah ya rufa muku asiri."

Falon ya amsa da amin, Umma tana kuka a jikin bango. Bai ce ya yafe ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta dai kama hannun da nata biyu ta riƙe shi a kanta, shi kuma bai ƙwace ba.